Ko Kano za ta iya ƙera fiyanonta da kanta?

Kusan shekaru talatin ke nan kiɗan fina-finan Hausa ya dogara a kan na'urorin da ake ƙerawa a ƙasashen waje, alhali kuwa haɗa ƙaramar na'urar kiɗa ta lantarki bai fi ƙarfin mai gyaran wayar salula ba.

Wanda duk ya san unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a birnin Kano, ya san wurare biyu da ke kusa da juna amma sana'arsu ta sha bamban.

Na farko shi ne titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga mahaɗar Dangi, inda ofisoshin masu shirya fina-finai da ɗakunan ɗaukar waƙa suka yi sansani.

Na biyu kuma shi ne kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, inda matasa ke wuni da ƙarfen liƙi da dalma a hannu, suna cire ƙwayoyin lantarkin da ba su kai ƙwayar gero girma ba, suna mayar da wasu.

Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan mintoci ce a Adaidaita Sahu. A wasu ƙasashen dai, waɗannan sana'o'i biyu sun haɗu sun haifar da wata sha'awa guda, wato ƙera na'urar kiɗa a gida, tun daga zana allon da'irarta har zuwa fitar da sauti.

Yadda fiyano ya shigo

An fara sana'ar fim ɗin Hausa na bidiyo ne a shekara ta 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana nazarin wannan sana'a, ya nuna a rubuce-rubucensa cewa masu kiɗan farko sun soma ne da ƙananan na'urorin Casio, kafin kamfanoni irin su Iyan-Tama su shigo da samfurin Yamaha PSR a cikin shekarun 1990.

Abin da ya ja hankalin makaɗa shi ne, mutum guda zai iya fitar da sautin da ya yi kama da sarewa da ganga da goge, ba tare da ya tara makaɗa biyar ko shida ba. Karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu a shekara ta 1999 ta ƙara tabbatar da wannan salo, wanda daga bisani aka riƙa kira kiɗan nanaye.

A Jamhuriyar Nijar ma an riga an yi irin wannan tafiya. Tun a shekara ta 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗe-kiɗen da ya yi da wata na'urar Orla ƙirar Italiya, waɗanda kafofin watsa labaran ƙasar suka daɗe suna sakawa a tsakanin shirye-shirye. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da su a shekara ta 2013.

To sai dai akwai wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. Kalangu da kotso da gurmi da garaya duk hannun Bahaushe ne ke sassaƙa su, ya rufe su da fata, ya ɗaure musu tsirkiya. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin irinsa.

Shi kuwa fiyano, injiniyoyin Yamaha da Casio ne a ƙasar Japan suka tsara muryarsa. Makaɗin Kano zaɓa kawai yake yi daga cikin abin da aka zuba masa.

Mece ce sintisaiza?

Abin da ake kira fiyano a Kano ba shi ne fiyano na ainihi mai wayoyin ƙarfe a ciki ba. Dangin sintisaiza ne, wato na'urar da ke haɗa sauti daga wutar lantarki.

Sauti dai ba wani abu ba ne illa kaɗawar iska. Idan tsirkiyar goge ta kaɗa sau 440 a cikin daƙiƙa guda, kunne zai ji wata murya; idan ta kaɗa sau 880, sai ya ji muryar nan dai amma a sama, kamar yadda yaro ke bin baitin da babba ya rera. Wannan tazara ta ninki biyu ita ake kira oktaf. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a daƙiƙa.

Sintisaiza irin ta asali tana da manyan sassa huɗu.

Na farko shi ne osileta, da'irar da ke sa wutar lantarki ta riƙa hawa da sauka a kai a kai. Ita ce makwafin tsirkiya.

Na biyu shi ne filta, wadda ke aiki kamar rariya: tana tace sautin, ta rage kaifinsa ko kaurinsa. Ita ce ke bambanta sauti mai taushi irin na sarewa da mai tsini irin na algaita.

Na uku shi ne amfilifaya, mai ƙara ƙarfin sauti ko rage shi.

Na huɗu kuma shi ne sashen da ke tsara rayuwar sautin, daga tasowarsa zuwa mutuwarsa. Bugun ganga yakan taso nan take ya mutu da sauri, amma jan goge yakan taso a hankali ya daɗe. Da wannan sashe ne ake kwaikwayon bambancin.

Injiniyan nan na Amurka Robert Moog, wanda tun yana ɗan makaranta yake haɗa kayan kiɗan lantarki a gida, shi ne ya gabatar da irin wannan tsari a shekara ta 1964. Dabararsa ita ce a sarrafa kowane sashe da ƙarfin lantarki, ta yadda ƙarin volt guda zai ɗaga murya da oktaf guda. Har yau masu ƙera na'urori a gida wannan ma'auni suke bi.

Sai dai tarihin kiɗan lantarki bai taƙaita ga Turai da Amurka ba. A shekara ta 1944, wani ɗalibi ɗan ƙasar Masar mai suna Halim El-Dabh ya ɗauki sautin wani biki a birnin Alƙahira, ya sarrafa shi da na'urorin gidan rediyo, aikin da ake lissafawa cikin na farko-farko a wannan fage.

Tun kafin nan ma, a ƙarni na tara, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku da aka fi sani da Banu Musa sun bayyana a birnin Bagadaza yadda za a ƙera sarewa mai busa kanta da ƙarfin ruwa, wadda ake iya sauya mata waƙa.

Matakin farko

Mai son fara wannan sha'awa ba ya buƙatar jari mai yawa. Galibi akan fara ne da wata ƙaramar IC mai ƙafa takwas da ake kira 555, wadda injiniya Hans Camenzind ya tsara a shekara ta 1971, kuma har yanzu tana cikin waɗanda aka fi samu a shagunan kayan lantarki, ciki har da na Sabon Gari.

Alal misali, idan aka haɗa ta da rezista guda mai ohm 1,000, da wata mai ohm 16,000, da kafasita mai nanofarad 100, sannan aka ba ta wuta daga batir mai volt 9, za ta kaɗa kimanin sau 436 a daƙiƙa. Da zarar an jona ƙaramar lasifika, sai a ji murya.

Idan aka cire rezista ta biyun aka sa maɓallin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo a madadinta, to murya za ta riƙa hawa da sauka yadda hannu ya murɗa. Wannan ita ce sintisaiza mafi sauƙi.

A shekara ta 1980 wani marubuci Ba'amurke, Forrest Mims, ya wallafa zanen wata da'ira da ta haɗa irin wannan IC guda biyu, wadda daga baya masu sha'awa suka raɗa wa suna Atari Punk Console. Da ita ce mutane da dama a duniya ke buɗe hannu.

Daga nan sai a matsa zuwa wasu ƙwayoyin, kamar 40106 wadda ake iya fitar da osileta har shida daga cikinta, da TL072 domin gina filta, da LM386 domin tura sauti zuwa lasifika. Duk waɗannan akan gwada su ne a kan allo mai ramuka da ba ya buƙatar liƙi, sannan a mayar da su kan Veroboard a liƙe da dalma.

Zana allon da'ira

Idan da'ira ta girma, wayoyi sukan yi yawa har su rikice. A nan ne ake buƙatar allon da'ira, wanda masu gyara ke kira fanel.

Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Paul Eisler ne ya yi amfani da wannan dabara a cikin wata rediyo a Ingila a shekara ta 1936. Allon yau ana yin sa ne da zaren gilashi da aka daskarar, kaurinsa galibi milimita 1.6, an shimfiɗa masa jan ƙarfe siriri a sama. Aikin shi ne a cire jan ƙarfen da ba a so, a bar layukan da za su zama hanyoyin wuta.

Da farko akan zana da'irar a kwamfuta. Akwai manhajar KiCad, wadda wani malamin jami'a a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara a shekara ta 1992, kuma kyauta ake sauke ta. A cikinta ne mutum zai jera ƙwayoyin, ya ja layukan da ke haɗa su, manhajar kuma ta nuna masa inda layi biyu suka yi kusa fiye da kima.

Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ta gida. Akan buga zanen a kan takarda mai sheƙi da firinta mai amfani da garin tawada, a kifa ta a kan jan ƙarfen, a danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta manne. Sai a jiƙa takardar a murje ta, a tsoma allon cikin ruwan sinadarin ferric chloride, wanda zai cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba. Bayan an wanke, sai a huda ramukan ƙafafu da abin huji mai kaurin kimanin milimita ɗaya.

Ta biyu kuwa ita ce a tura zanen ta intanet zuwa masana'anta, galibi a yankin Shenzhen na ƙasar Sin, inda ake buga 'yan alluna kaɗan a kan daloli ƙalilan. Sau da yawa kuɗin aiko su Najeriya yakan fi kuɗin buga su.

Darasi daga Kampala

Misalin da ya fi kusa da halin da matashin Kano ke ciki ya fito ne daga ƙasar Uganda.

A can ne wani matashi mai suna Brian Bamanya, wanda aka fi sani da Afrorack, ya ga cewa sassan sintisaizar da ake sayarwa a Turai sun fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya shiga shagunan gyaran kwamfuta na birnin Kampala yana neman kayan haɗi, yana koyon zane daga intanet, har ya gina babbar na'ura mai sassa da yawa da hannunsa.

Sunan da ya zaɓa martani ne ga Eurorack, wato ma'aunin girman sassa da ƙarfin wuta da Bajamushen nan Dieter Doepfer ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. A shekara ta 2022 kamfanin Hakuna Kulala na Kampala ya fitar da kundin kiɗansa, inda ya sa na'urar ta riƙa buga salon gangunan gabashin Afirka.

Ita ma Kano ba baƙuwa ba ce ga irin wannan ƙoƙari. A shekara ta 2007 kafofin watsa labarai na duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa.

Muryar wa ake ji?

Mai karatu zai iya tambaya: tunda yanzu galibin kiɗan situdiyo da kwamfuta ake haɗa shi, ta hanyar manhajoji irin su FL Studio, mene ne amfanin wahalar dalma?

Amsar tana cikin yadda aka raba murya. Fiyano ya raba kowane oktaf gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasa da shi da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Wannan tsari ne da kiɗan Turai ya zauna a kai, kuma shi ne manhajojin kwamfuta ke buɗewa da shi.

Kiɗan Hausa na gargajiya kuwa, mafi yawansa a kan matakai biyar yake tafiya, kuma ba dole ba ne matakan su faɗa daidai inda maɓallan fiyano suke. Goge da kukuma ba su da iyakoki a wuyansu. Yatsa ne ke zamewa daga murya zuwa murya.

Kazalika, Hausa harshe ne mai karin sauti, mai hawa da sauka da faɗuwa. Makaɗin kalangu yana matse tsirkiya a hammatarsa ne domin ganga ta bi wannan kari, har mai sauraro ya gane kirarin da take yi. Duk wanda ya saurari amshin kalangu a waƙoƙin marigayi Mamman Shata ya san wannan.

Gaskiya ne cewa fiyano da dama suna da wata ƙaramar taya ta lanƙwasa murya, kuma gwanaye suna amfani da ita. Amma an gina na'urar ne a kan matakai, zamewar ƙari ce kawai.

Larabawa da Turkawa sun fuskanci irin wannan matsala, domin maƙamansu suna da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu. Da yake kasuwarsu babba ce, Yamaha da wasu kamfanoni sun fitar musu da samfuri na musamman mai maɓallan gyara murya.

Wanda ya ƙera na'urarsa da kansa ba ya jiran kamfani. Yana iya sa maɓallai biyar kacal, ya daidaita kowanne da kunne a kan gurmi ko molo. Yana iya barin maɓalli gaba ɗaya, ya sa abin matsawa da zai yi aikin hammatar mai kalangu. Idan kuma ya yi amfani da ƙaramar kwamfutar nan ta Arduino, wadda aka fito da ita a Italiya a shekara ta 2005, yana iya rubuta jerin muryoyin da yake so da alƙaluma, ya sauya su yadda ya ga dama.

Matsalolin da ke akwai

To amma fa tafiyar ba ta rasa cikas.

Na farko shi ne kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Duk abin da za a yi oda daga waje, farashinsa ya bi wannan hawa. Haka kuma gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre a watan Yunin 2025 ta laƙume ɗaruruwan shaguna, tare da jarin masu sana'a da dama.

Na biyu shi ne jabun kaya. Akan samu IC da aka goge lambarta aka buga wata, ko kafasitar da ƙarfinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Shi ya sa mita ta gwaji ke zama abokiyar tafiya tun daga ranar farko.

Na uku shi ne yanayi. Taransista tana sauya hali idan ta ɗau zafi, saboda haka osiletar da aka daidaita da asuba tana iya kaucewa da azahar, musamman a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a haɗa taransista biyu masu hali ɗaya a manne da juna, tare da rezista ta musamman mai rama sauyin zafi. A lokacin hunturu kuma ƙura takan shiga maɓallan murɗawa ta sa su ƙara, busasshiyar iska kuma takan tara wa jiki lantarkin da zai iya kashe IC da taɓawa guda.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne lafiya. Wutar gida mai volt 230 tana kisa, don haka mai koyo ya tsaya a kan batir. Tsofaffin akwatunan talabijin da ake saye a wurin 'yan gwangwan domin cire kayan haɗi suna iya riƙe wuta ko bayan an kashe su.

Dalmar liƙi da aka saba amfani da ita, wajen kashi 40 cikin ɗari nata gubar dalma ce. Wajibi ne a wanke hannu kafin cin abinci, a yi aiki inda iska ke shiga, a kuma nisanta yara. Annobar gubar dalma da ta halaka ɗaruruwan yara a jihar Zamfara a shekara ta 2010 daga haƙar zinariya ta samo asali, amma gubar ita ce dai. Shi ma ruwan ferric chloride da aka gama aiki da shi bai kamata a zuba shi a kwata ba.

Amfanin da ya wuce kiɗa

Malaman Musulunci dai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma shigar fiyano cikin waƙoƙin bege ta taɓa jawo muhawara mai zafi a Kano. Akwai iyayen da ba za su so ganin ɗansu a wannan layi ba.

Sai dai ilimin da ke cikin aikin bai tsaya ga kiɗa ba. Osiletar da ke fitar da murya ita ce zuciyar inbata mai mayar da wutar batir ta zama ta gida. Filta da amfilifaya su ne ke cikin lasifikar masallaci da na'urar taimaka wa mai raunin ji. Wanda ya iya zana allon sintisaiza, ya kama hanyar zana allon da ke daidaita cajin batir daga faifan sola.

Bambancin kawai shi ne, a nan kunne ne ke yin alƙalanci. Idan ɗalibi ya sauya rezista guda, nan take zai ji murya ta sauya, abin da lissafin kan allo ba ya iya nuna masa cikin sauƙi.

Kano na da wuraren da za su iya ɗaukar wannan aiki: tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar, da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, da kuma makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa tun a shekara ta 1977.

Ko shakka babu, na'urar da aka haɗa a kan teburin gida ba za ta ture Yamaha daga ɗakunan titin Gidan Zoo ba, domin kamfanin ya shafe shekaru aru-aru yana wannan sana'a. Abin da za ta iya yi shi ne ta fitar da muryar da kamfanin bai zuba a cikin nasa ba.

Mai gyaran waya a Farm Centre ya san dalma amma galibi gyara yake yi, ba zane ba. Makaɗin situdiyo ya san muryar da yake nema amma bai san abin da ke cikin akwatin ba. Mai sassaƙa kalangu kuma ya san yadda ganga ke magana. Abin da ya rage shi ne teburin da zai haɗa su ukun, da batir mai volt 9, da IC guda mai ƙafa takwas.